Ƙoƙari kaɗai? Haba malam!

Wani marubuci ya ce Alhazan Maraɗi da guminsu kaɗai suka yi kuɗi. Ni da ƙanena tare muka fara kai wake Jibiya ta Ɗan Isa, jari ɗaya, sammako ɗaya. A Agustan 2019 motarsa ta ƙetare, tawa ta mutu a hanya. Kafin bakanike ya gama, Najeriya ta rufe iyaka. Shi ya sayar, nawa ƙwari suka cinye a mangaza. Yau gidan sama gare shi, ni adaidaita nake ja. Ba hassada ba ce, wallahi, yaron yana da himma. Amma a tambayi dattawa Janairun 1994, da aka karya darajar sefa: mai kayan waje a ajiye ya tashi attajiri, mai tsabar kuɗi ya wayi gari da rabi.