Ranar da Inji Ya Haɗiye Kuɗin Kawu

Gudun layi ne ya ja mini, ba wani abu ba. Ranar Juma'a ce a ƙarshen watan Afrilu, irin lokacin nan da zafin Garwa, a arewacin Kamaru, yake sa kare ya ga baƙo ya kasa yin haushi. Albashin ma'aikatan gwamnati ya sauka, layin banki ya fito daga ƙofa ya miƙe har bakin kwalta. Malaman makaranta, 'yan sanda, tsofaffin sojoji da sandunansu, kowa yana fifita da abin da ke hannunsa. Ni kuma ga ni da jaka ɗari biyar ta Kawu a aljihun 'yar ciki, wato sefa dubu 500, ana jiran ta a Duwala kafin a loda mana shinkafa da man girki.

Kawu da hannunsa ya ƙirga kuɗin daren Alhamis bayan mun rufe shago a babbar kasuwa. Takardun jaka goma-goma ne guda 50, wasu sababbi fil, irin waɗanda BEAC, babban bankin da ke buga mana sefa, ta fitar a Disambar 2022, wasu kuma tsofaffin nan da suka sha hannun mahauta har suna ƙamshin kilishi. Ya yi musu ɗaurin 'yan kasuwa, tara a miƙe, ta goma a naɗe a kansu, ɗauri biyar. Ya ce, "Gobe da sassafe ka je, ka bi layi, ka ba mutum, ka karɓo takarda mai hatimi." Kalmar mutum ɗin nan sai da ya maimaita ta sau biyu. Na ce to, na kai su gida, na cusa a rigar matashin kai na kwana a kansu.

Da sassafen ban je ba. Na tsaya wajen mai shayi ana gardamar ƙwallon Coton Sport, kuma ba ni barin gardama a tsakiya.

A gefen ƙofar bankin akwai wani ɗan ɗaki na gilashi mai sanyi kamar firji, da injuna biyu a ciki, ɗaya mai ba da kuɗi, ɗaya mai karɓa. Mai bayarwar layinsa ya fi na ciki tsawo. Mai karɓar kuwa ko ƙuda babu a gabansa. Da mai hankali ne, da ya tambayi kansa dalili. Ni na ɗauka Allah ne ya dube ni. Na shiga ina taku ɗai-ɗai, har da waiwayen 'yan layi da tausayi, bayin Allah da ba su waye ba.

Na danna lambar asusun mutumin Duwala, inji ya buɗe baki. Na warware ɗaurin nan biyar, na miƙe naɗaɗɗun, na buga gefensu a cinya suka daidaita. Ban sake ƙirgawa ba, domin akwai wani dogo a bayana da idonsa ya cika yawo, kuma ba a baje kuɗi a gaban jama'a. Na zura, ya rufe baki, ya fara: farrrrr. Daɗin sautin har cikin raina. Sai ya canja murya: ƙiii, ƙiii. Sai ya yi wani tari irin na tsohon da goro ya sarƙe. Sai shiru.

Allon ya yi fari, rubutu ya fito da Faransanci cewa inji ya daina aiki. Don kada in ce ban gane ba, ya maimaita mini da Ingilishi. Ba rasit, ba kuɗi, ba ko sannu.

Abin da na fara yi shi ne lallashi. Na shafa gefensa na ce, "Haba bawan Allah." Na danna ja, na danna kore, na danna duk wani abu mai kama da maɓalli. Daga nan na ɗaga hannu zan kai masa mari, sai idona ya faɗa kan kyamarar da ke sama. Na mayar da marin susar ƙeya, na yi mata murmushi. Cikin wannan sanyin gumi yake bin bayana har ƙugu.

Mai gadin bankin wani dattijon Bafulatani ne mai furfura a gemu. Ya leƙo ya ce, "Jam na?", wato "Lafiya?" da Fulatanci. Na ce, "Baba, ba jam ko ƙwaya ɗaya." Ya dubi allon ya dube ni ya ce, "Ya ci ne?" Yadda ya yi tambayar, kamar ana maganar akuyar da ta saba shiga gonar mutane. Sai ya ce kada in matsa ko taku ɗaya. In fito da waya in ɗauki hoton allon, in ɗauki hoton lambar injin da ke manne a goshinsa, in rubuta ƙarfe nawa ne daidai har da minti, in kuma tuna irin takardun da na zura da adadinsu. Ya ce masu tafiya gida su yi kuka su dawo Litinin su ne suke shan wuya, domin lokacin sun manta komai sai yawan kuɗin, shi ma sun ƙara masa. Gaskiya duk cikin ginin nan ban ga wanda ya san aikin banki kamar tsohon nan ba, ga shi an ba shi kujerar roba a rana.

Na ce yanzu wa zan gani? Ya nuna mini layi. Layin nan dai da na gudu, ya ƙara mutum ashirin, kuma duk sun ga shigata. Wani tsohon soja ya matsa mini wuri ya ce, "Zo nan, patron, mu da ba mu waye ba."

Sallar Juma'a dai a raka'a ta biyu na same ta, na dawo da gudu na iske madam ɗin da ke karɓar ƙorafi. Ba ta ko girgiza ba. Ta duba kwamfuta ta ce babu abin da ya shiga asusun Duwala, saboda injin ba ya tura kuɗi sai ya gama ƙirga ya nuna maka jimla ka amince, nawa kuwa a hanya suka maƙale. Ta ce injin yana rubuta duk motsin da ya yi da lokacinsa. In an buɗe shi za a ƙirga abin da ke ciki a gwada da abin da ya rubuta, rarar da aka samu ita ce ta mai ƙorafi. Na ce to a buɗe mana. Ta yi dariya. Ashe mutum ɗaya ba ya buɗe shi, sai biyu, ɗaya da makulli ɗaya da lambobin sirri, ga kuma mai gyara da zai zaro abin da ya sarƙe ba tare da ya yayyaga shi ba, shi kuma daga Ngaundere zai taso. Ta ce in rubuto takardar ƙorafi da hannu, in haɗo da fotokopin katin ɗan ƙasa. Na ce kwana nawa? Ta ce, "Za mu kira ka." Duk ɗan Kamaru ya san tsawon wannan jimla.

Na fita na rubuto takarda da Faransancina na aji shida, kuma don a san da gaske nake, na sayi tambur, wato kan sarkin gwamnati, na jaka ɗaya da rabi na lafta a kai. Madam ta juya takardar ta ce, "Nan ba ofishin magajin gari ba ne, ba ma buƙatar tambur." Asara ta biyu ke nan a yini ɗaya. Amma na yi abu ɗaya na hankali, wanda shi ma Baba mai gadi ne ya raɗa mini: na sa ta buga hatimi da kwanan wata a kan kwafina.

Kawu yana kan buhu yana jan carbi na isa. Na yi bayani tun daga farko, na tsallake mai shayi. Ya saurara har ƙarshe ya ce, "Inji ya ci kuɗi." Na ce e, Kawu. Ya ce, "Da miyar me?" Yaran shago suka sunkuyar da kai, kafaɗunsu suna rawa. Ya ce shekara talatin yana kai kuɗi banki, wani lokaci a cikin buhun gero, bai taɓa jin mutum ya haɗiye takarda ba, ni da aka ce in ba mutum na je na ba ƙarfe. Washegari ya sa na kai shi ya ga injin da idonsa. Ya tsaya gabansa ya yi shiru, ya zagaya gefe ya leƙa bayansa, ya ce, "To ai ba shi da ƙafa. Kuɗina suna nan." Hankalinsa ya kwanta, nawa ne bai kwanta ba, domin sai da ya ranto wasu ya tura wa mutumin Duwala ta waya, kuma ya sanar da ni a gaban kowa cewa kuɗin turawar daga albashina za su fita.

A gida ban faɗa wa kowa ba. Namiji ba ya dawowa ya ce wa iyalinsa inji ya yi masa wayo. Sai dai abinci ya daina wucewa, na koma kwana ina juyi, waya na ƙara in zabura. Uwargida tana kallona ta gefen ido, tana ajiye mini tuwo a hankali kamar mai laifi. Na ɗauka tausayi ne. A majalisa kuwa shawara har ta yi yawa. Wani ya ce akwai bututu a ƙarƙashin injin da yake zuƙe kuɗi kai tsaye zuwa Yawunde. Wani ya ce ya san malamin da yake sa ɓarawo ya dawo da kaya da ƙafarsa, na ce ai Kawu ya riga ya duba, wannan ba shi da ƙafa. Kullum da safe sai na biya banki, har madam ta daina ɗago kai, tana jin takuna take cewa, "Bai iso ba."

Ran kwana na goma sha ɗaya aka kira. Muka je da Kawu, ya sha babbar riga. Aka shigar da mu ofishin shugaban reshe, wani mutumin kudu mai naktaye a wuya da fara'a. A kan teburinsa ga kuɗi a ambulan, ga doguwar takardar da injin ya rubuta, lokacin ya yi daidai da hotona har minti. Na fara gyara zama. Sai ya ce akwai 'yar matsala. Na rubuta takarda 50, su kuma 49 suka samu, uku a cukurkuɗe amma ba su yage ba. Kawu ya juyo da dukan jikinsa ya dube ni.

Shugaban ya ce ba shi ke nan ba. Ya jawo wani faranti na kofin shayi da bakin biro, a kai ga wata 'yar takarda a ninke huɗu, ta yi baƙi da man inji. Ya ce wannan ce ta sarƙe hanya. Mai gyaran da ya ga rubutun Larabci a jiki ya ƙi taɓa ta da hannu, da hantsaki ya zaro ta. Ya rage murya ya ce shi yana girmama al'adar kowa, amma yana roƙo a daina sa wa injinsu laya.

Tun daga nesa na gane takardar littafin makarantar ɗana ce. Na kuma gane hannun. Na miƙa hannu zan ɗauke, Kawu ya riga ni. Ya fito da tabarau ya goge da bakin riga, ya warware ta, ya karanta ajamin da ƙarfi, harafi-harafi, kamar mai biya wa almajirai:

"Maigida, kana barci ban tashe ka ba. Na zari jaka goma ɗaya. Shinkafa ta ƙare, mai ma saura kaɗan. Ka mayar wa Kawu kafin ya sani."

Shugaban ya ce me aka ce? Aka kira Baba mai gadi ya fassara masa da Faransanci, bai rage ko wasali ba, har da kwaikwayon muryar mace. Madam ta fita da gudu tana toshe baki. Kawu ya ninke takardar ya sa a aljihu ya ce, "Mutum yana yini a kan buhun shinkafa ɗari biyu, gidansa babu ta dafawa." Sai da na sake rubuta takardar ƙorafi a tsaye, jaka 490, madam ta leƙo ta tuna mini cewa ba sai da tambur ba. Sannan muka bi layi ni da Kawu, muka ba mutum.

Da dare na tayar da maganar a gida, na shirya faɗa sosai. Uwargida ta saki baki ta ce, "Au, wai ba ka ga takardar ba? Ni ai na ɗauka a kan jaka goman nan kake ta kumbure-kumbure kwana goma sha ɗaya. Har na ce wa Inna ban san haka kake da rowa ba."

Kawu ya aiko da buhun shinkafa gidan washegari, ya rubuta shi a shafina na littafin bashi, ƙarƙashin jaka goma da kuɗin turawa. Baba mai gadi kuwa ya daina ce mini jam na. Ko daga tsallaken titi ya hango ni a kan mashin, sai ya ɗaga hannu ya ƙwala, "Maigida, shinkafa ta ƙare?"