Liyarin Kaka

Da aka zo rabon kayan marigayiya kakarmu a Yakasai, mata suka kwashe tasoshi da zannuwa, ni kuma aka miƙo mini wani ƙullin tsumma. Na kwance, sai ga kwabbai masu huji, da sule biyu, da wani ƙaton liyari mai hoton wata mata mai ƙiba. Na juya bayansa, na ga 1780.

Nan take na hau lissafi. Wannan kuɗi ya girmi jihadin Shehu na 1804! Ɗan yayata, wanda kullum kansa ke cikin waya, ya ƙara zuga ni. Wai akwai kamfanoni a Amurka, PCGS da NGC, da ke tantance tsofaffin kuɗi, su ba su maki daga 1 zuwa 70, su rufe su cikin roba da lamba. Kafin la'asar na fara tambayar kuɗin fili a Ɗanbare. Uwargida ma ba a bar ta a baya ba, ta samo toka da lemon tsami ta dirje liyarin har yana ɗaukar ido, don kada Turawa su ce mu ƙazamai ne.

Kafin in aika, na biya Kasuwar Kurmi wajen wani dattijo mai sayar da kayan da. Ya kara masa maganaɗisu, bai kama ba. Ya ɗora a sikeli, giram 28. Ya sake shi a kan siminti, ya kasa kunne.

"Azurfa ce, ba shakka."

Na gyara zaman hula.

Sai ya jawo wani kwanon sha daga ƙarƙashin benci ya buɗe. Liyari ne fal, kowanne da matar nan, kowanne 1780.

"Baba, duk a shekara ɗaya aka buga su?"

"Yaro, a shekarar matar ta rasu. Mariya Tariza, sarauniyar Ostiriya. Fatake sun ƙi karɓar wanda ba shi da wannan shekara, shi ya sa aka yi ta buga shi haka, har yau ana yi. Naka ma wataƙila bai kai kakarka shekaru ba."

Ya sake duba shi ta saman tabarau. "Wa ya wanke?"

Na ce iyali.

"Allah ya saka mata. Masu ba da makin nan, in suka ga an goge kuɗi, ba sa ba shi maki, sai su rubuta an wanke. Kuɗin aikawa da na dubawa ma sai sun fi kuɗinsa."

Na turo masa kwabban, ko za a dace. Ya ce in kai wa yara su yi dara.

Ina fitowa dillalin filin ya kira, wai mai shi ya yi ragi, yaushe zan kawo kafin alƙalami?