Kwas ɗin intanet kyauta ne, amma gama shi sai da shiri

Duk sati sai wani ya turo wa guruf ɗin unguwa dogon jerin kwasa-kwasan kyauta, a yi ta "Allah ya saka da alheri", shi ke nan an wuce. Ra'ayina, matasanmu na Kaduna ba kwas suka rasa ba. Tun 2002 jami'ar MIT ta Amurka ta fara zuba darussanta a intanet kyauta, shafukan kwasa-kwasai na Coursera da edX suka biyo baya a 2012. Matsalar ita ce gamawa, kuma ba mu kaɗai ba ne: binciken da mujallar Science ta buga a 2019 kan kwasa-kwasan MIT da Harvard a edX ya nuna kusan kashi 3 cikin ɗari ne ke kaiwa ƙarshe.

Ɗauki CS50, kwas ɗin kimiyyar kwamfuta na Harvard, wanda kowa ke ɗoki. Makon farko Scratch ne, manhajar koya wa 'yan koyo haɗa shirin kwamfuta, wasa-wasa. Mako na biyu a shiga yaren kwamfuta na C, a ce ka rubuta shirin da zai gina dala da alamar #, a nan ake watsewa. Lakca ɗaya takan kai awa biyu, kuma kallonta ba shi ne karatun ba. Aikin gida ne karatun, sai ka ci kashi 70 a kowanne, ka yi aikin ƙarshe, kafin a ba ka satifiket na kyauta. Wanda ke kallo a waya yana kwance, bai taɓa buga layi ɗaya ba, yaudarar kansa yake.

Don haka ƙanina, kwas ɗaya tak za ka ɗauka. Sauke bidiyon da datar dare a 360p, ba 720p ba, rubutun allo yana karantuwa, data kuma ba ta zuba kamar ruwa a kwando. Sauke rubutaccen bayanin lakcar ma, don Turancin Amurka da sauri yake. Lokacin da wuta ta zo, aiki za ka yi a kwamfuta, kallo a bar shi sai an ɗauke. Ku haɗu mutum uku ko huɗu duk Asabar, ko a Rigasa ne ko Kawo, kowa ya nuna inda ya maƙale. Mai laftof ɗaya ya isa ku duka.

Maganar kuɗi: Coursera na da tallafi ga wanda ba zai iya biya ba, ka cike fom ka jira kamar mako biyu. Ka rubuta halin da kake ciki da kanka, kar ka kwafo na wani.

Ɗaliban KASU da Kadpoly kuma, littattafan OpenStax na Jami'ar Rice, fiziks da kemistiri da lissafi, kyauta ake sauke su. Haka ma na NOUN, jami'ar karatu daga gida ta Najeriya.

Satifiket ɗin nan fa ba digiri ba ne, ba zai kai ka bautar ƙasa ba. Mai ɗaukar aiki zai ce ka buɗe GitHub ɗinka, shafin da ake ajiye shirye-shiryen kwamfuta, ya ga abin da ka gina.