Rimidiyal ko karatu a gida: me iyayen Zango ke saye da kuɗinsu?

Duk shekara, da zarar hukumar shirya jarrabawa ta Afirka ta Yamma, WAEC, ta saki sakamakon WASSCE, wato jarrabawar kammala sakandare, sai bangon gidaje da sandunan wutar lantarki a unguwannin Zango na Kumasi a Ghana, daga Aboabo zuwa Asawase da Sawaba, su cika da takardun tallar makarantun rimidiyal, wato na bita ga masu son sake zana jarrabawar, kowacce tana alkawarin gyara wa ɗalibi sakamakonsa kafin zaman Nov-Dec, wato jarrabawar da masu maimaitawa ke zanawa a ƙarshen shekara. Iyaye kuwa, waɗanda suka ɗan sami numfashi tun da aka fara karatun sakandare kyauta a 2017, sai su sake komawa lissafi: a biya wa yaro kuɗin bita, ko a saya masa littafin tsofaffin tambayoyi a ce ya zauna gida ya karanta?

A ganina, yawancin masu cewa karatun gida ya wadatar ba su tsaya sun dubi gidan da suke magana a kansa ba. A unguwanninmu na Kumasi, gida yana nufin ɗaki ɗaya ko ɗaki da falo a cikin babban gidan haya, inda rediyon wannan maƙwabci ke gasa da talabijin ɗin wancan, yara na guje-guje a tsakar gida, fitila ɗaya ce kowa ke amfani da ita, idan ma ba a ɗauke wuta ba. Lamarin ya fi tsananta ga 'ya mace. Yarinyar da ba ta ci darasin lissafi ba ta dawo gida, tun kafin asuba tana bakin murhu tana taya mahaifiyarta haɗa koko da ƙosai ko waakye na sayarwa, da rana ga wanki da ɗibar ruwa, kuma duk lokacin da ta buɗe littafi sai ta ji an ce, "Ai kina gida, tashi ki je kasuwa ki dawo." Ba mugunta ba ce daga wajen uwa, a idon gida, wanda bai sa kaya ya fita ba, ba shi da aikin yi. Shi ma namijin ba a barinsa, domin kafin wata ya zagayo an kai shi shagon kawunsa a kasuwar Kejetia, wai ya riƙa ɗan taimakawa kafin jarrabawa.

Saboda haka abu na farko da kuɗin rimidiyal ke saya wa ɗalibi shi ne kujera da sa'o'in da babu mai aikensa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma shi ya sa ba na ganin laifin uban da ya ci bashi don ya biya.

Sai dai kujera kaɗai ba ta cin jarrabawa. Jami'o'i irin su KNUST da ke Kumasi da Jami'ar Ghana da ke Legon suna neman aƙalla makin C6, wato mafi ƙarancin kiredit, a darussa shida, uku daga cikin na dole, har da Ingilishi da lissafi, da kuma uku na zaɓi. Galibin yaran da ke komawa bita ba faɗuwa suka yi warwas ba; makin D7 ko E8, da ke ƙasa da C6, a darasi ɗaya ko biyu ne ya tare musu hanya, kuma sau da yawa lissafi ne ko Ingilishi. Waɗannan biyun kuwa su ne darussan da mutum ba ya iya gano kuskurensa da kansa. Ɗalibi zai iya karanta darasin zamantakewa shi kaɗai ya fahimta, amma wanda ke rubuta insha'i da jimloli karyayyu zai ci gaba da karya su wata shida cur idan babu malamin da zai sa jan biro a takardarsa. Rahotannin manyan masu duba jarrabawa da WAEC ke fitarwa sun sha kokawa kan ɗaliban da ba sa karanta tambaya da kyau da waɗanda ba sa nuna matakan aikinsu a lissafi, kuma irin wannan cuta sai da mai gyara take warkewa.

A nan ne da yawa daga cikin makarantun kuɗi ke cin amanar iyaye. Za ka leƙa aji ka tarar ya cika maƙil, na baya ko allo ba sa hangowa, malami yana warware tsofaffin tambayoyi da lasifika a hannu, ya gama ya ruga wata makarantar, ba tare da ya karɓi littafin kowa ya duba ba. Mafi muni su ne masu raɗa wa yara cewa suna da hanyar samun "apo", wato tambayoyin da aka sato kafin ranar jarrabawa. WAEC tana riƙe sakamako ko ta soke shi idan ta kama maguɗi, kuma yaron talaka ne ke asarar shekara da kuɗin rajista, mai makarantar kuwa ya buga sabuwar takardar talla.

Akwai kuma abin da ya rage namu. Azuzuwan makarantun Islamiyya da yawa a Zango a kulle suke bayan isha'i, da bencinansu da allunansu, alhali muna da 'ya'yanmu da suka gama jami'a da masu bautar ƙasa da za su iya zama da ƙannensu dare biyu ko uku a mako idan limamai da sarakunan unguwa suka tsara abin, aka haɗa musu ɗan kuɗin mota da na wuta.

Kafin a kai ga haka, uban da zai biya kuɗin bita ya je da ƙafarsa ya ga ajin a lokacin darasi, ya tambayi sau nawa ake duba aikin ɗalibi a mako, ya biya na darasin da yaron ya rasa kawai. Wanda kuma ya zaɓi karatun gida, to ya tara mutanen gidan ya faɗa musu a fili cewa daga hantsi zuwa azahar babu mai aiken Zainabu ko Haruna, sannan ya nemi malamin da zai riƙa duba musu takarda duk ranar Asabar.