Madara ba ta wanke gubar maganin feshi

Na gaji da jin ana cewa in an gama feshi a gona aka sha madara ko nono, gubar ta fita. Na fahimci masu faɗa: madara na sanyaya maƙogwaro, sai mutum ya ji sauƙi.

Amma maganin feshi ta fata ya fi shiga, da numfashi, ya wuce cikin jini. Madara kuwa ciki take sauka. Manomin da tankin feshi ke ɗiga masa a baya tun safe har riga ta jiƙe, ko ƙwaryar nono ya shanye, maganin ya riga ya ratsa shi. Abin da ke kare mutum shi ne safar hannu da takalmin roba, riga mai dogon hannu, takunkumi, sai wanka da sabulu da zarar an gama.