"Abba, kalli!"

Dogon hutu ya zo, iyaye da yawa suna ta shirin tafiya da iyali. Kafin a rufe akwatuna, ina so in faɗi wani abu da ya tsaya mini a rai tun bara.

Bara na kwashi iyalina muka yi tafiyar kwana biyar. Watanni na yi ina tanadi, na kama masauki mai kyau, a zuciyata ina ganin na sauke nauyi. Rana ta biyu muna bakin ruwa, 'yata mai shekara shida ta duƙufa tana gina gida da yashi. Ta ce, "Abba, kalli!" Na ce, "Ina zuwa, Mamana," idona na kan waya ina amsa saƙon wurin aiki. Ta sake kira. A karo na uku muryarta ta yi ƙasa. Ko da na ɗago kai, ruwa ya riga ya share ginin, ita kuma ta zauna ta haɗa kai da gwiwa. Ba ta yi kuka ba. Na tambaye ta me ta gina, ta ce, "Ba komai." Har muka dawo gida ba ta ƙara kirana in ga wani abu ba. Saƙon nan kuwa, ko mako guda na bar shi, babu abin da zai lalace.

Mu manya muna auna hutu da nisan tafiya, da kuɗin da muka kashe, da yawan hotunan da muka ɗauka. Yaro kuma abin da yake ƙirgawa shi ne sau nawa ya waiwayo ya tarar da idonka a kansa.

A shekarun 1970 wani masanin halayyar yara a Amurka, Edward Tronick, ya yi wani gwaji da ya shahara. Uwa tana wasa da jaririnta, sai a ce ta ɗaure fuska na 'yan mintuna, kada ta yi murmushi, kada ta amsa masa. Jaririn yakan fara da murmushi don ya jawo hankalinta, ya miƙa hannu, ya yi ƙara, daga baya ya kau da kai ya shiga damuwa. Ga uwarsa a gabansa, amma kamar ba ta nan. Duk sanda na tuna wannan, sai in ga fuskata a bakin ruwan nan. Waya tana sa mu ɗaure wa 'ya'yanmu fuska sau da yawa a yini, ba mu ma sani ba.

Na san wani zai ce aiki ba ya jira. Gaskiya ne, mai sana'ar hannu ko ɗan kasuwa ba shi da wanda zai riƙe masa idan ya kashe waya. A Faransa tun Janairun 2017 doka ta wajabta wa kamfanoni masu ma'aikata 50 zuwa sama su tattauna da ma'aikatansu kan 'yancin ajiye saƙonnin aiki bayan an tashi. Yawancinmu ba mu da irin wannan kariya, sai dai mu yi wa kanmu iyaka. Ni yanzu rabin awa nake ba waya da sassafe kafin yara su tashi, da wani rabin bayan sun kwanta. Tsakanin nan tana cikin jaka.

Sannan mu daina cika yini da zirga-zirga. Daga nan zuwa can, a tsaya a ɗauki hoto, a sake shiga mota, yaro ya gaji ya fara rigima, mu kuma mu ce bai gode ba. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989, a sashe na 31, ta sanya hutawa da wasa cikin haƙƙin yaro. Wasa kuwa ba ya son gaggawa. A bar masa wani ɓangare na yini ya zaɓi abin da za a yi, ko da a ganinmu shirme ne.

Iyaye maza, ga tamu. Sau da yawa hutu a wurin uwa canjin wurin aiki ne kawai: haɗa kaya, wanka, wanki, rarrashi. Idan ba ka ɗauke mata wani abu ba, yaushe za ta zauna ta yi dariya da yaran? Kuma kowane yaro yana son ɗan lokaci da kai shi kaɗai. Babban ɗana mai shekara goma sha uku ba ya buɗe baki idan na zaunar da shi ina jera masa tambayoyi, amma in muka fita tattaki mu biyu, da kansa yake kawo labarin abin da ke damunsa a makaranta.

Bana ba mu je ko'ina ba tukuna. Shekaranjiya da yamma na ji 'yar nan tawa ta ce, "Abba, zo ka gani." Na ajiye abin da ke hannuna na tafi. Tururuwa ce ta yi layi a jikin bango, kowace ɗauke da ɗan abu a baki. Muka tsuguna muna kallo har duhu ya fara, tana nuna mini wadda ta ce ita ce shugabarsu.