Alkakin Inna da ranar da na kai shi Daura

Duk wanda ya san gidanmu na Rafin Daɗi ya san alkakin Inna, saboda haka ba sai na tsaya yabonsa ba. Har ta rasu a 2019 ba a taɓa fitar da garar 'yar gidan nan babu shi ba, kuma ba ta taɓa yarda hannun wani ya shiga kwaɓinsa ba. Takan sa a wanke alkama a shanya, a kai inji a ɓarzo ta, tana jaddada wa ɗan aike cewa idan aka niƙe ta ta yi laushi kamar fulawa kada ya dawo mata gida. Sai ta murje ta da man gyaɗa, ta kwaɓa da nono mai tsami, ta rufe ta kwana. Da asuba ta jiƙa ungurnu ta tace, tana ɗigawa tana shinshinawa har tsamin ya kwanta, sannan ta naɗa, ta soya a wuta marar ƙarfi, ta tsoma a zuma. Awonta duka wani tsohon kwanon sha ne mai ɓallen baki da ta zo da shi tun daga gidan iyayenta.

Ni kuwa aikina a duk waɗannan shekaru shi ne zama gefen murhu ina korar kaji, ina cinye waɗanda suka karye. A kan wannan ilimin na dogara lokacin da aka zauna shirin bikin autarmu a farkon 2023, aka kawo shawarar a ba masu yi na sayarwa kwangila, na miƙe na ce ba za a yi haka ina raye ba, tunda ni Inna ta bar wa kwanonta. Gaskiyar maganar ita ce ni na ɗauke shi ranar sadakar uku kafin kowa ya lura, amma babu wanda ya musa, Gwaggo dai ta dube ni ta ce Allah ya ba da sa'a.

Kowa ya tuna yadda watan Fabrairun wannan shekarar ya kasance, lokacin canjin kuɗi, da mutum zai wuni a layin banki ya dawo hannu rabbana. Mai zuma ya ce shi bai san wata tiransifa ba, sai ya ga takarda a tafin hannunsa, ni kuma ba ni da ita, sai na sayo sukari a shagon da ke karɓa ta waya. Gwaggo ta leƙo ta ce mini in sa ruwan tsamiya a ciki, kuma da zarar na ɗiga a yatsa na ga ya fara zare in sauke. Na ce mata na sani. Abin da ban gaya mata ba shi ne na ƙudurta sai sukarin nan ya yi launin zuma yadda babu wanda zai gane, don haka ya yi zare na bar shi, ya yi danƙo na bar shi, sai da ya yi ja wur ina murna. Na tsoma alkakin tiya huɗu, na jera shi da zafinsa a cikin babbar fanteka, ragowar sukarin da na ga zai yi asara na kwarara a kai saboda karamci, na rufe, na bar shi ya kwana a tsakar gida cikin sanyin hunturu.

Washegari muka ɗauki hanyar Daura ta Mashi. A gidan ango aka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, mata suka cika har bakin zaure, aka fara buɗe kaya ɗaya bayan ɗaya: shinkafa, man gyaɗa, man shanu, nakiya, dubulan, cincin, ana sa albarka. Can sai yayar mahaifin ango, wata dattijuwa mai farin gilashi wadda ashe ta san Inna, ta ce ita duk ba wannan take jira ba, ina alkakin Hajiya, domin rabonta da shi tun wani biki da ta zo Katsina shekaru da yawa, kuma har yau tana jin ɗanɗanonsa a bakinta. Gwaggo, wadda har gobe ina zargin da gangan ta yi, ta kamo hannuna ta tsayar da ni a gaban jama'a ta ce, “Hajiya ta riga mu gidan gaskiya, amma ga magajiyarta nan.” Wata ta rangaɗa guɗa. Ni kuma na sunkuyar da kai irin na mai kunya, alhali a zuciyata ina shirya amsar da zan bayar idan aka tambaye ni sirrin.

Aka buɗe fanteka, kuma wallahi a ido ya yi kyau, yana ƙyalli kamar an shafa masa mai. Dattijuwar ta yi bisimilla ta sa yatsu biyu ta kama guda ɗaya, bai taso ba. Ta gyara zama ta sa yatsu uku, bai motsa ba. Ta cire gilashinta ta goge da bakin mayafi ta mayar, ta duba da kyau ko wani abu ne ya riƙe shi, sannan ta sa hannu biyu ta ja, sai fantekar gaba ɗaya ta taso daga ƙasa ta biyo ta. Ta ajiye a hankali. Mata biyu suka danne fantekar da gwiwa, ta uku ta zura wuƙa ta gefe tana zagayawa, aka kife ta a kan faranti aka bubbuga bayanta, sai ga alkakin tiya huɗu ya faɗo dunƙule guda, da siffar fantekar, har da zanen gindinta a samansa. Ƙarar da ya yi a kan farantin ita ce ta dutsen niƙa, kuma ban taɓa sanin mata fiye da hamsin suna iya yin shiru haka ba. Wata yarinya ce ta fara magana, ta tambayi uwarta ko kek ɗin amarya ne, uwar ta make mata baki.

Dattijuwar ba ta yi dariya ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta daɗe tana kallon abin, ta ƙwanƙwasa shi da zobenta, ta ɗago ta dube ni ta ce, “Allah ya jiƙan Hajiya.” Aka amsa da amin. Ta sake dubansa ta girgiza kai ta ce, “Kai, Allah ya jiƙan Hajiya, an yi rashi.” Aka sake amsawa, wannan karon da ƙarfi, har da Gwaggo. Ina nan tsaye, domin babu wanda ya ce in zauna, aka kawo muciya ta karye, aka kawo taɓarya ta dinga tsalle tana dawowa, daga ƙarshe aka aika maƙwabta aron guduma.

Wanda ya karɓi gudumar shi ne taubashina, ɗan Kawu, wanda ya tuƙo mu, kuma ban san abin da ya shigo da shi cikin taron mata ba in ban da neman magana. Ya naɗe hannun riga, ya ce a matsar da yara, ya tambaye ni cikin ladabi buhun siminti nawa na sa, domin yana da fili a hanyar Jibiya da yake son zuba wa harsashi. Tun daga ranar bai sake kirana da sunana ba, sai Injiniya, har 'ya'yansa sun ɗauka. Wannan mutumin fa shi ne ya saci alkakin Inna guda bakwai daga ƙarƙashin gadonta muna yara, ya ɗora mini, aka zane ni da tsintsiya yana tsaye yana lasar yatsa, kuma har yau bai nemi gafarata ba. Shi ne kuma ya karɓi dubu biyar a hannuna a Mashi da sunan mai, su kaɗai ne takardun kuɗin da na mallaka a wannan makon, daga baya na ji Kawu ya riga ya cika masa tanki tun daren jiya. Idan na tayar da maganar sai ya ce wasan taubasai ne, ba a fushi. Ni ban ga ranar da wasan zai juyo ta wajena ba.

Da ya buga na uku abin ya tsage, wani ɓallin ya yi tsalle ya faɗa cikin man shanu. Aka rarraba wa yara, suka watse suna tsotsa kamar alewa, kuma amarya ta ce mini sun yi mako suna zuwa tambayar ko da saura. Dattijuwar ta ƙulle ɗan guntu a bakin zanenta, ta ce za ta jiƙa a kunu.

A mota babu wanda ya ce uffan har muka wuce Mashi, inda Gwaggo ta ce, ba tare da ta waiwayo ba, idan mun isa in aiko mata da kwanon. Na aika. Fantekar kuwa ta maƙwabciyarmu ce na ara, tana can Daura a lotse, kuma jiya ma ta aiko yaro tambaya.